Ƙamus ɗin Oxford da na siyo wa ƙanwata, ni ya fi yi wa amfani

Wata uku kenan da na siyo Oxford Advanced Learner's Dictionary, bugu na 10 wanda ya fito a 2020, don ƙanwata mai shirin WAEC, amma wallahi yanzu na fi ta buɗe shi.

Abin da ya ja na siya, ranar nan ta zo min da jimlar "he was charged with theft" wai ita dai ta rasa gane yadda ake cajin mutum da sata, caji ɗaya ta sani, na waya. Ta zuba a wani app na fassara shi ma ya ƙara jagula mata lissafi. Da ƙamus ɗin ya zo charge muka fara dubawa, sai ga ma'anoni reras kowacce da lambarta, kuɗin da za a caje ka, tuhuma a kotu, cajin batir, afka wa mutum a guje, ga kuma in charge wato wanda ragama ke hannunsa. A nan na farga ashe caji ofis ɗin da muke ta faɗa tun muna yara daga nan ya samo asali, inda ƴan sanda ke rubuta tuhuma kenan, ni da na ɗauka sunan wuri ne kawai.

Abin da ya fi burge ni kusan kowace ma'ana da misalinta a cikin jimla, shi ne zai nuna maka interest ɗin sha'awa ne ko na kuɗin ruwan banki, fine ɗin lafiya lau ne ko tarar da alƙali ya ci ka. Bayanin ma da Turanci mai sauƙi, dama A. S. Hornby da ya fara haɗa shi malamin Turanci ne a Japan, don masu koyo ya yi shi.

Babu Hausa a ciki fa ko ɗaya, wanda bai ɗan iya Turanci ba zai sha wuya da farko. Ga nauyi, jakar makarantarta har ta fara yagewa ta gefe. Sannan a kula da jabu a kasuwa, na farkon da wani mai shago ya miƙo min takardar kamar ta ƙunshe ƙosai, rubutun bayan shafi yana leƙowa ta gaba, na ajiye masa na ƙara kuɗi na ɗauki mai kyau a shagon gaba.

Jiya kuma run muka buɗe, har aka kira magariba ba mu kai ƙarshensa ba.