Na'urar bin motsin ido a aikin leza: abin da take tsarewa da abin da ba ta iyawa

Mutanen Yamai da suka gaji da tabarau sun fara karɓar takardun farashi daga asibitocin Tunis, Kazablanka, Istanbul da Indiya, kuma kusan kowace takarda tana ɗauke da layi guda da aka rubuta da manyan baƙaƙe: injinmu yana bin motsin ido sau dubu da wani abu a daƙiƙa. Tambayar da kowa ke yi kafin ya kwanta a yi masa aikin leza ita ce, in idona ya motsa fa? Wannan layin ne ake ba shi amsa da shi. Amsar tana da gaskiya a ciki, amma rabinta ce.

A fara raba abu biyu, domin ana yawan haɗa su. Wannan aikin ba na yanar ido ba ne. Ana yin sa ne don gyara rashin hangen nesa, rashin ganin kusa da astigmatizim (lanƙwasar gaban ido da ba ta daidaita ta kowane ɓangare ba), ta hanyar sassaƙe korniya, wato fatar nan mai haske kamar gilashi da ke gaban baƙin ido. Kaurinta a tsakiya bai wuce maikiron 540 zuwa 550 ba ga yawancin mutane, rabin milimita da ɗoriya ke nan. Lezar eksima, wadda ke yin sassaƙar, tana aiki da haske mai tsawon zango nanomita 193, kuma kowane harbi yana ɗauke kusan rubu'in maikiron. Dubban harbi ake jerawa, kowanne da gurbinsa a taswira. Idan suka sauka gefe, gyaran ya karkace, mutum ya tashi yana ganin fitilun mota da jela ko inuwa biyu da dare.

Ido kuwa ba ya tsayawa cik ko an roƙe shi. Yana rawa ƙanana-ƙanana, yana zamewa a hankali, wani lokaci ya yi fizga. Na'urar bin motsi kyamara ce mai amfani da hasken infirared wanda ido ba ya gani. Tana ɗaukar hoton tagar ido, ramin tsakiyar nan da ke tsukewa a rana, ta lissafa tsakiyarsa, ta gaya wa ƙananan madubai biyu su karkata hasken leza zuwa inda idon ya koma. In idon ya fita daga iyakar da aka sa mata, ko hoton ya ɓace mata, sai ta tsayar da harbi, ta riƙe lissafin inda aka kwana, a ci gaba daga nan bayan mutum ya dawo da kallonsa. A ganinmu wannan tsayawar ta fi duk saurin da ake talla daraja. Wani abin da zai kwantar da hankalin mutanenmu: baƙin idonmu mai duhu ba ya rikita kyamarar, domin a ƙarƙashin infirared zoben da ke kewaye da tagar yakan fito da haske, bakin tagar ya fito sarai.

Injinan da aka fi cin karo da su a waɗannan takardu huɗu ne. WaveLight EX500 na kamfanin Alcon yana harbi sau 500 a daƙiƙa, kyamararsa tana duba sau 1050, jinkirinsa kimanin milidaƙiƙa 2 (milidaƙiƙa kashi ɗaya ce cikin dubu na daƙiƙa). Schwind Amaris 1050RS na Jamus yana harbi sau 1050, yana bin motsi ta fuska bakwai: dama da hagu, sama da ƙasa, mirginawa ta ɓangare biyu, juyawa, nisa daga injin, sannan hasashen inda idon zai kasance a lokacin harbi. Zeiss MEL 90 yana kai wa harbi 500 da kyamara mai 1050. VISX Star S4 IR, tsohon hannu daga Amurka, kyamararsa sau 60 kawai take dubawa, kuma masu talla suna son nuna shi da yatsa saboda haka. Ba a yi masa adalci ba. Harbinsa bai wuce 20 a daƙiƙa ba, wato yana duba sau uku kafin kowane harbi, kuma an daɗe ana samun kyakkyawan sakamako da shi. Lambar kyamara ba ta da ma'ana sai an aza ta kusa da saurin harbi da girman ɗigon haske.

Inda lamba ke da nauyi shi ne jinkiri, wato tazarar da ke tsakanin ɗaukar hoto da saukar harbi. Digiri ɗaya na motsin ido kusan milimita 0.2 ne a saman korniya. Idon da ya fizga da gudun digiri 100 a daƙiƙa yana tafiyar milimita 20 ke nan a daƙiƙa. Cikin milidaƙiƙa 2 ya matsa milimita 0.04, abin da ba zai yi illa ba. Cikin milidaƙiƙa 15 ya matsa 0.3, kuma ga injin da ɗigonsa bai kai milimita ɗaya ba wannan kuskure ne na gaske. Saboda haka wanda zai tambaya ya tambayi jinkirin.

Abin da ya fi damunmu, kuma takardun farashi ba su cika ambatarsa ba, shi ne juyawar ido. Ana yin awo mutum yana zaune, ana yin aiki yana kwance. Da zarar an kwanta, ido yakan juya kamar hannun agogo, ta dama ko ta hagu, galibi digiri 2 zuwa 4, ga wasu ya haura 10. Kyamarar da ke bin tsakiyar taga kawai ba za ta ga wannan ba, tunda da'ira ko ta juya da'ira ce. Ga mai rashin hangen nesa zalla babu wata babbar matsala. Ga mai astigmatizim kuwa, kuskuren digiri 10 yana barin kusan kashi ɗaya cikin uku na ciwon, digiri 15 ya bar rabi, digiri 30 kuma kamar ba a yi komai ba. Maganin shi ne injin ya ɗauki hoton zanen zoben baƙin ido lokacin awo, ya gwada shi da wanda yake gani a kan gado, ya juya taswirar daidai. Duk injinan nan suna da hanyar yin haka, amma sai an haɗa su da na'urar awon da ta dace, kuma sai likita ya kunna. Wani lokaci gwajin hoton yakan ƙi kamawa. Likita mai kula yakan sa ɗigo biyu na alƙalami a gefen ido tun mutum yana zaune, don ya samu madogara. Mai astigmatizim da ya haura diyofta 1.5 (ma'aunin lambar tabarau) ya tambayi wannan ƙarara kafin ya biya ko sefa ɗaya.

Akwai kuma iyakar da na'urar ba ta tsallakewa. Tagar ido tana kusan milimita 3 a bayan korniya, ita kuwa leza a kan korniya take aiki. In mutum ya bar kallon ɗan fitilar da aka ce ya kalla, ido ya mirgina, kyamara za ta ci gaba da bin taga alhali wurin da ke ƙarƙashin harbi ya canja. Haka nan tsakiyar taga kanta tana ɗan gusawa idan ta buɗe ko ta tsuke, shi ya sa hasken ɗakin awo da na ɗakin aiki ya kamata su yi kusa. A salon aikin da ake kira LASIK, wata leza mai suna femto kan yanka siririn murfi a saman korniya kafin eksima ta yi sassaƙa a ƙarƙashinsa; kumfar iskar da take bari tana iya rufe bakin taga, sai an jira ta baje. Kwalli ma yana shiga lissafi: a daina sa shi kwanaki kafin aiki, a wanke gefen fatar ido sosai, don ɓurɓushinsa yana iya maƙalewa ƙarƙashin murfin.

SMILE kuma, wato salon da ake yanka siririn yanki a cikin korniya a zaro shi ta ƙaramar kafa, tsarinsa daban ne. Injin VisuMax na Zeiss ba ya bin ido da kyamara lokacin yanka, yana kama shi ne da tsotso a jikin wani gilashi. Yankan yana ɗaukar kimanin daƙiƙa 25, sabon samfurin 800 kuma kimanin 10. Haɗarinsa shi ne tsotson ya saki a tsakiya, idan mutum ya matse ido ko ruwa ya taru. Injin yakan tsaya nan take, sai likita ya yanke shawarar ci gaba, ko ɗagawa, ko komawa wani salon aiki.

Ɗakin aiki shi ne inda mai zuwa daga Sahel ya kamata ya buɗe ido. Eksima tana son sanyi tsakanin digiri 18 da 24, da laima wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Iska in ta bushe, korniya takan bushe, harbi ya ci nama fiye da lissafi; in laima ta yi yawa, ya ci ƙasa da lissafi. Duk wanda zai kafa irin wannan injin a Yamai, inda hunturu ke busar da komai, Afrilu da Mayu kuma zafi ke haura 40, kilim kaɗai bai isa ba: sai da na'urar daidaita laima, matatar ƙura, da batirin da ke riƙe wuta kafin gurup ya tashi. Kowace safiya ana gwada ƙarfin harbi a kan faranti na gwaji, ana duba iskar gas ɗin argon da fulorin, ana gwada kyamarar da idon roba. Majinyaci yana da haƙƙin tambayar yaushe aka yi wa injin gyaran ƙarshe. Shi ma da nasa: ranar aiki ba turare, ba humra, ba kayan da suka sha turaren wuta, domin tururin yana shanye hasken kafin ya isa ido.

Mafi munin abin da ke biyo bayan LASIK ba daga motsi yake zuwa ba. Korniya ce ke raunana ta bulluƙo gaba bayan watanni ko shekaru, kuma babu kyamarar da ke hana wannan sai awo. A ɗauki korniya mai maikiron 520, murfi 110, gyaran diyofta 6 da zai ci kusan 90: saura 320, ya haura 300 da likitoci da yawa ke so, ya kuma yi nisa da 250 da ba a sauka ƙasa da shi. In kaurin 490 ne, saura 290, kuma abin da aka taɓa ya haura kashi 40 cikin ɗari na kaurin; nan sai a yi maganar PRK, wanda ba a yanka murfi, ko a haƙura. Baƙar fata a matsakaici korniyarsu ta ɗan fi ta Turawa siranta, kuma wanda ya taso da ƙaiƙayin ido yana murza tun yarinta yana iya ɗauke da keratokonus, wato ciwon da korniya ke siranta ta tsiro gaba, bai sani ba. Dole a yi taswirar gaba da bayan korniya, a cire lantil (gilashin da ake manna wa ido) mai laushi mako ɗaya zuwa biyu kafin awo, mai tauri mako uku zuwa huɗu, shekaru su kai 18, lambar tabarau ta tsaya shekara guda.

Hukuncinmu: na'urar bin motsi ta cancanci yabon da ake mata, kuma ba ma ba kowa shawarar kwanciya ƙarƙashin eksimar da ba ta da ita. Tsakanin EX500, Amaris da MEL 90 bambancin bai kai a ƙara kuɗin jirgi dominsa ba. Asibitin da ya yi awo da safe ya ce a shiga aiki da rana ba tare da nuna taswira da lissafin kauri ba, a bar shi ko da wane inji yake da shi. Wanda aka yi wa aiki a waje ya tsaya a duba shi washegari da kuma bayan mako guda kafin ya hau jirgi, ya dawo da rahoton da ke ɗauke da kaurin murfi, zurfin da aka ci da faɗin wurin gyara, don likitan ido na nan Yamai ya san abin da zai bi a wata na farko da na uku. Ya kuma taho da hawayen roba marasa sinadarin adanawa da za su kai shi wata uku zuwa shida, musamman in dawowar ta faɗo cikin ƙurar Disamba da Janairu.