rEFInd: wata huɗu ina tayar da kwamfuta da shi a kan faifai biyu

Kwamfutata faifai biyu gare ta: NVMe mai ɗauke da Windows 11, da SSD na SATA da na saka wa Linux. A zatona kowa na ɗakinsa, ba ruwan wani da wani. Ranar da na zare faifan Linux don in kwafe shi, na kunna kwamfuta, sai baƙin allo da `grub>` a kusurwar sama, ɗan layi yana ta ƙiftawa. Windows lafiyarsa ƙalau, amma hanyar shiga ta toshe.

Laifina ne. Lokacin da nake saka Linux ban zare faifan farko ba, ban kuma tsaya na duba inda GRUB, wato manhajar da ke tayar da Linux, zai sauka ba. Ashe ya sauka ne a ɗan ɓangaren EFI (inda ake ajiye fayilolin tayar da kwamfuta) na faifan Windows, mai megabait 100, alhali sauran fayilolinsa suna can faifai na biyu. Kai a nan, gangar jiki a can.

Wannan ne ya kai ni ga rEFInd, manhajar da ke ba ka zaɓin abin da za ka shiga, Windows ko Linux, in ka kunna kwamfuta. Roderick Smith ne ya tsago shi daga wata tsohuwar manhaja irinsa, rEFIt, a 2012. Abin da ya fara burge ni, ba sai ka girka shi kafin ka gwada ba. Akwai sigar da ake rubutawa a filashi. Na rubuta, na kashe Secure Boot (tsaron da ke hana kwamfuta tashi da manhajar da ba a amince da ita ba), na tayar daga filashin, sai ga tambarin Windows a tsakiyar allo, na danna Enter na shige. Da na mayar da faifan Linux, shi ma ya bayyana a gefensa, ban gyara ko harafi ɗaya ba.

Sirrin shi ne rEFInd ba ya dogara da hadda. GRUB yana karanta jerin da aka rubuta masa tun ranar da aka yi `update-grub`, kuma daga siga ta 2.06 ma ba ya neman wasu manhajoji irin su Windows sai ka sa `GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false` da hannunka. Shi kuwa rEFInd duk tashin kwamfuta sai ya leƙa faifan da ke jone, ya nuna abin da ya tarar. Yana iya karanta ext4 da Btrfs, tsarin ajiyar fayiloli na Linux, don haka yakan tayar da ƙwayar Linux (kernel) kai tsaye ba tare da ya bi ta kan GRUB ba. Ga mai yawan cire faifai da mayarwa irina, wannan kaɗai ya isa.

Sai dai bai warkar da asalin ciwon ba, kuma bai ce zai yi ba. Ni na zauna na yanki megabait 512 a faifai na biyu, na mai da shi FAT32 mai alamar EFI, na gyara `/etc/fstab` don Linux ya san da sabon ɓangaren, sannan na yi `refind-install`. Na duba da `efibootmgr -v` na tabbatar rEFInd ne a sahun gaba. Yanzu kowane faifai na tashi shi kaɗai ko ɗan'uwansa ba ya nan.

Inda ya ba ni ciwon kai: kwaɗayin nuna komai. Ranar farko tambari biyar na ƙirga a allo, manhajoji kuwa biyu ne kacal. Tsohon GRUB, da ƙwayar Linux, da wani `BOOTX64.EFI` na ko-ta-kwana, duk sun jeru. Maganin ba wuya, ka tsaya kan wanda ba ka so ka danna Delete ya ɓuya, amma sabon shiga zai rikice ya rasa wanne ne wanne. Jiran daƙiƙa 20 ma ya yi mini yawa, na buɗe `refind.conf` na mai da `timeout` 4.

Secure Boot ne ya fi cin lokaci. In kana son mayar da shi, sai ka bi ta shim, wata 'yar manhaja da Secure Boot ya yarda da ita, ka yi wa makullin rEFInd rajista a wani shuɗin allo mai kama da na kwamfutocin da. Sau biyu ina kuskuren fayil kafin na dace. Kuma in faifan Windows ɗinka na kulle da BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, ka rubuta lambobin nan 48 na ceto a takarda tun kafin ka taɓa komai, domin sauya hanyar tashi kan sa ya tambaye su. Nawa ya tambaya.

Kwamfutar da ba ta da UEFI kuwa, wato sabon tsarin tashin kwamfuta, mai tsohon BIOS zalla, ba ta da rabo a nan.

Filashin nan har yau ban goge shi ba. Na manna masa farar takarda, yana cikin aljihun jakar kwamfutar.