Tocilar Baba: mai jan haske ko mai tona kunama?

Yaya, assalamu alaikum. Ya iyali, ya ƙarfin jikin Inna? Saƙonka ya iso, na ga kana so in samo wa Baba tocila irin tawa mai jan haske. Ka ɗan saurare ni tukuna, don dalilin da ya sa na zaɓi ja a nan Manchesta ta Ingila daban yake da abin da ke damun mu a gida.

A nan ba a ɗauke wuta, amma duhu ya isa. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Shi ya sa za ka ga mutane da 'yar tocila a aljihu, wadda ba ta wuce tsawon yatsa ba, ana cajinta da wayar caji irin ta salula. Wasu ban da farin haske suna da na biyu a gefe: ja, ko kore, ko wanda ake kira UV, wato hasken da ido kusan ba ya gani amma yake sa wasu abubuwa ƙyalli. Ni aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi. Idan na leƙa ɗakin dattijuwa da ƙarfe 3 na dare don in ga ko tana numfashi lafiya, farin haske zai firgita ta, ta kasa komawa barci. Jan kuwa a hankali yake sauka kan bargo, in duba in fito ba ta motsa ba. Kuma ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai. Farin haske na ɓata wannan nan take, ja ba ya yi, saboda ƙwayoyin idon da ke gani da dare kusan ba sa jin sa. Aibinsa shi ne yana ɓoye duk abu mai launin ja, jini ko jan rubutu a kwalin magani, dole in koma fari in zan karanta.

Kore dai maharba ne suka fi so, mu bai shafe mu ba.

Wanda nake so ga Baba shi ne UV. Da na zo a bazarar bara kana Kano, wani dare an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida saboda zafi, sai na kunna ta abokin aikina da na aro, na bi gindin katanga zuwa rumbu. Wallahi, Yaya, sai ga kunama tana ƙyalli, kore-kore shuɗi-shuɗi, a kan ƙasa baƙi ƙirin, ƙarinta a ɗage. Uku muka kashe a daren, ɗaya taku biyu daga inda yara ke kwance. Da farar tocila launinta ɗaya da turɓaya, sai ka taka ta. Ɓawon jikinta ne ke ƙyalli idan wannan hasken ya same shi, ba ta da yadda za ta ɓuya. Tun ranar abin yake raina, don ka san harbin kunama ga ƙaramin yaro ba wasa ba ne.

Sai dai a faɗa wa Baba ƙarara: maciji ba ya ƙyalli. Kububuwa na iya kwance a gabansa bai gani ba, saboda haka hanyar gona da ta masallacin asuba da farin haske za a bi. Kuma kada yara su haska wa juna a ido. Zan nemi tocilar UV mai lamba 365, ba 395 ba (lambobin nau'in hasken ne), ita ce ba ta cika fesa hasken shunayya ba, ƙyallin ya fi fitowa. Da irinta ake duba kuɗi: a takardar fam 20 lambar tana fitowa ja da kore, a naira ma baƙar lambar takarda tana komawa koriya. Kai da ke karɓar kuɗin hatsi ranar kasuwa za ka more ta.

Kusan duk tocilolin nan daga Sin suke, kamar na Sabon Gari. Bambancin yana wajen ciniki. Doka a nan ta ba ka kwana 14 ka fasa abin da ka saya ta intanet, kwana 30 kuma ka mayar da mai matsala a ba ka kuɗinka. Amma in ta lalace bayan nan, samun mai gyara sai an sha wuya, yawanci kwandon shara ake jefa ta. Na kan tuna yaran nan na bakin tasha da ke buɗe tocila su liƙa waya da dalma cikin minti biyar. Wannan hannun babu shi a nan. Don haka zan ɗauki wadda ake cire batirinta, mai lamba 18650, wanda ake samu a shagunan sola a Kano.

Batirin ƙari ba a yarda a sa shi cikin akwatin da ke ƙasan jirgi, sai a jakar hannu, don haka zan ba wani ɗan garinmu da zai taho kafin azumi. Ka gaya mini ko biyu zan saya, ɗaya ta zauna a ɗakin Inna. A gaida Baba da kyau.