Na zube ko na zane? Sayi Dune, ka ari komik

Wa alaikumus salam, ƙanina. Tunda kuɗin littafi ɗaya kawai za ka iya cirewa daga alawin wannan watan, kuma kana ruwan ido tsakanin ƙagaggen labarin kimiyya da komik, wato littafin labari cikin zane, na jarumai irin su Batman, ba zan ja ka da nisa ba: sayi na zube. In suna kake so, Dune na Frank Herbert. Na zanen kuwa ka ara a hannun wanda ya riga ya yi asarar kuɗinsa, irina.

Dukansu suna kan kantata, ba labarin ƙanzon kurege nake ba ka ba.

Dune ɗina gwanjo ne. A wajen wani dattijo mai baza littattafai a bakin titi a Samaru na tsince shi, tsakanin tsofaffin littattafan lissafi da wani ƙamus da ruwa ya taɓa. Bangon ya yage an liƙe da salatif. Wanda ya fara mallakarsa ya bi gefen shafuka da fensir yana rubuta ma'anar kalmomi, ya kai wajen shafi na 70 ya daina. Ko ajiye littafin ya yi, ko Turancinsa ne ya ƙaru, Allah masani. Ni ma ya yi wata shida a ƙarƙashin gadona, don kaurinsa kaɗai ya isa ya saukar wa mutum da kasala. Nawa ya haura shafi 600.

Sai azumin 2021, wanda ya faɗo tsakiyar bazara, daga Afrilu zuwa Mayu. Famfon unguwarmu ya yi sati biyu ko ɗigo babu, 'yan garuwa sun tsawwala, wuta kuwa sai dai a ji labarinta. Bayan asham ɗaki ba ya shiguwa, sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in kunna fitilar waya. A haka na shiga duniyar Arrakis, inda ba a taɓa ruwan sama ba, mutanenta, Fremen, suna sanye da wata riga mai tace gumin jiki da fitsari ta mayar da su ruwan sha, kuma idan mutum ya mutu ana tatse ruwan jikinsa a mayar wa jama'a, don a wajensu naman jiki ne naka, ruwan na dangi ne.

Akwai wurin da wani shugaban Fremen ya shigo gaban sabon sarkin da aka naɗa musu daga wata duniya, ya tofa yawu a kan teburinsa. Dogarai suka zabura za su far masa. Sai wanda ya san al'adarsu ya tare su, ya bayyana musu cewa girmamawa ce mafi girma: mutumin ya ba da ruwan jikinsa kyauta. Na ajiye littafin a ƙirjina na daɗe ina kallon sama. Da asuba ina alwala da buta, sai na kama kaina ina bin ruwan da ke gangarawa rariya da ido kamar wanda kuɗinsa ke zubewa. Da na ba Inna labarin tofin yawun wajen buɗa-baki, cewa ta yi, "Wannan Baturen, a ina ya kwana da ƙishi?" Amsar ita ce bai kwana ba. Ɗan jarida ne, a 1957 ya je Florence a jihar Oregon ta Amurka don ya rubuta rahoto kan yadda ake shuka ciyawa a tsayar da tudun yashin da ke cin hanyoyi. Rahoton bai fito ba, littafin ne ya fito a 1965, bayan kamfanonin buga littattafai sama da 20 sun ƙi shi, har sai da Chilton, kamfanin da aka sani da littattafan gyaran mota, ya karɓa. Duk wanda ya taɓa zuwa Yusufari a jihar Yobe ya ga yadda rairayi ke binne gona zai gane abin da ya kama zuciyar mutumin nan.

Ga kuma wata riba da kake da ita a kan Baturen da ke karanta shi a Landan. Littafin cike yake da kalmomin da kai ka taso kana ji: Mahdi, jihadi, Lisanul Gaibi, Shaiɗan. Shi sai ya leƙa jerin ma'anoni da ke bayan littafin, kai kuwa murmushi kawai za ka yi. Amma in ja kunnenka, Herbert ba malami ba ne, aron kalmomin ya yi ya ɗinka labarinsa da su, wani wurin ma ya ɗinka a karkace. Ka karanta shi a matsayin tatsuniya mai tsawo, kada ka zo majalisa kana kafa hujja da shi.

Abin da ya sa na fifita shi a kan komik ya wuce maganar ruwa. Yaron labarin, Paul, yana da duk abin da jaruman komik suke da shi: ɗan sarki ne, an kashe ubansa, yana hango abin da bai faru ba, ba a kayar da shi a faɗa. Kana karantawa kana goyon bayansa. Sannu a hankali sai ka lura marubucin yana haƙa maka rami. Almarar mai ceton da Fremen suke jira, ashe wata ƙungiyar mata ce ta shuka ta a cikinsu tun ƙarnoni da suka wuce, don ranar da 'yarsu za ta buƙaci mafaka. Paul ya san haka. Ya kuma hango cewa in ya hau wannan dokin, za a zubar da jinin da ba ya ƙirguwa da sunansa, amma ya hau. Duk rigimar kuma a kan wani garin yaji ne mai ƙamshin kirfa, wanda a wannan hamadar kaɗai ake samunsa, kuma in babu shi jiragen sararin samaniya ba sa tafiya. Talakan da arzikin ke ƙarƙashin ƙafarsa shi ne mai ƙishi. Ba sai na fassara maka ba, ɗan Najeriya ne kai. Maganar Mahdi ma ba baƙuwa ba ce a tarihinmu, ga Satiru kusa da Sakkwato a 1906, ga Muhammad Ahmad na Sudan da ya ci Khartoum a 1885. Komik yana sayar maka da mai ceto ne a farashi mai tsada. Wannan littafin cewa yake ka bincika aljihun mai ceton tukuna.

Aibinsa? Shafuka ɗari na farko tudu ne. Sunaye barkatai, makirci a kan makirci, kowa na magana da zuciyarsa. Ka daure. Da zarar an jefa Paul da uwarsa cikin sahara, littafin ne zai riƙe ka.

To, komik. Zanen yana da kyau, wannan ba zan hana shi ba.

Wanda na yi da-na-sanin saya, ba zan kama sunansa ba, a intanet na gan shi, bango na sheƙi, jarumai kusan goma sun yi cirko-cirko. Kuɗin da na biya zai saya min gwanjon littafin zube uku har da canjin acaɓa. Na buɗe shi bayan La'asar, kafin a kira Magariba na kai bango. Shafin farko ana tsakiyar faɗan da ban san mafarinsa ba, shafin ƙarshe an rubuta a nemi ci gaba a littafin wani jarumin daban. Ashe juzu'i na uku na saya. Ba tsautsayi ba ne kawai, haka sana'ar take: ana fitar da labarin wata-wata, kowace fitowa shafi ashirin da 'yan kai, sai a haɗa biyar ko shida a ɗinke a ce maka kundi. Labarin ba a gina shi don ya ƙare ba. Superman tun 1938 ake ba da labarinsa. An kashe shi a 1992, duniya ta ɗauka, mutane suka yi layin saye, a 1993 ya dawo garau. An harbe Captain America a 2007, a 2009 ga shi nan da garkuwarsa. In mutuwa ba ta kashewa, me zai sa gabana ya faɗi in an ɗaga wa jarumi takobi? Adashi ne da kullum kai ke zubi, ranar kwasarka ba ta zuwa.

Na san masu komik na wannan zaure za su taso min da Watchmen. Na yarda, Alan Moore da Dave Gibbons sun yi aiki, fitowa 12 tsakanin 1986 da 1987, a kundi ɗaya, yana da farko yana da ƙarshe. Amma ku lura, abin da ya sa ya yi kyau shi ne ya tsaya yana tuhumar masu sanya abin rufe fuska su ce su ne masu gadin jama'a, wato ya ci gidansu ne. Kuma ba littafin da za ka bari a falo yara su ɗauka ba ne. Ms. Marvel ta 2014, mai yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan, Kamala Khan, ƙanwata ta ɗauke min shi ba ta dawo da shi ba, ban kuma bi sawu ba. Wannan ya ishe ka sanin matsayinsa a wajenta da wajena.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, wanda kuma ya fi duk na sama muhimmanci ga aljihunka. Tun da fim ɗin Dune ya fito a 2021, na biyunsa a 2024, jabun littafin suka cika gari. Bango fes, a naɗe cikin leda, ciki kuwa hoton kwafi ne da aka ɗinke. Kada ka yarda da "ba a buɗe leda." Ka buɗe. Ka bi lambobin shafi a wurare uku ko huɗu, don na taɓa riƙe wani da ya yi tsalle daga shafi ɗari biyu da wani abu ya maimaita babin baya. Ka ɗaga takarda ɗaya a rana. In rubutun bayanta na leƙowa, ko layuka sun karkace, ko tawadar na bin yatsa, ajiye masa kayansa. Ka juya ƙarshe: na gaske yana da ƙarin bayani, da jerin ma'anar kalmomi, da taswira. 'Yan satar fasaha sukan yanke su don rage takarda, alhali kai sabon shiga su ne sandarka.

Sai wata damfarar da ta fi wannan wayo. Frank Herbert littattafan Dune shida ya rubuta. Bayan rasuwarsa ɗansa Brian da wani marubuci, Kevin J. Anderson, suka ci gaba da fitar da wasu tun daga 1999, duk da kalmar Dune ɓaro-ɓaro a bango da sunan Herbert. Mai shago zai miƙo maka ɗaya ya rantse shi ne na fim. Ka duba: Frank, ba Brian ba, kuma Dune zalla, babu wata kalma a gaba ko a baya. Dune Messiah na biyu ne, in ka fara da shi ka ɓata wa kanka miya.

Masu sayarwa a Instagram da WhatsApp kuwa, waɗanda za su ce tura kuɗi a sa maka a mota, ka ce su ɗauki bidiyon littafin a hannunsu suna buɗe shafuka, ba hoton da suka kwafo ba. Wanda ya fara "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" ka riƙe kuɗinka. A komik abin ya fi muni: su ɗauki fitowa ɗaya siririya su kira ta cikakken labari, ko su buga mai kala a baƙi da fari su ce ai haka yake. Wasu ma fayil za su turo maka a waya bayan ka biya kuɗin takarda.

In ka ga Turancin Dune zai yi maka nauyi a karon farko, ba abin kunya ba ne, ka fara da Binti na Nnedi Okorafor. Bai kai shafi 100 ba, labarin yarinya 'yar ƙabilar Himba da ta gudu daga gida da dare don zuwa jami'a a wata duniya, da tulun jan yumɓun da matan garinsu ke shafawa. Ya ci kyautar Hugo da Nebula, manyan kyaututtukan irin wannan adabin, a 2016. Kuma kada wani ya ce maka wannan harkar ta Turawa ce: tun 1969 Umaru Dembo ya ɗauki wani yaro, Kilba, ya kai shi sararin samaniya a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya, da Hausa tsantsa. In ka ci karo da shi wajen masu tsofaffin littattafai, ka saya min ni ma, nawa gara ta cinye.

Amma kuɗin wannan watan na Dune ne. Kafin ka biya ka turo hoton bango da shafukan ƙarshe nan zaure in duba maka. Juzu'i na ukun nan kuwa yana nan yana shan ƙura, duk ranar da ka shigo Zariya ka biyo ka ɗauka, ba sai ka dawo da shi ba.