SQL da hannu ko ORM, wanne za ka kama kafin ka fara aikin?

Kusan duk wata sai wani cikin yaran da ke koyon firogiramin a Samaru ya tare ni da tambayar nan, yaya, SQL zan riƙa rubutawa da hannuna ko ORM zan kama? Makon jiya ma ƙanina ne ya zo gida Tudun Wada da laftof ɗinsa, ya samu aikin haɗa wa wani mai kemis a Sabon Gari manhajar lissafin magunguna, ya rasa ta inda zai fara. Na ce masa duka biyun kyauta ne, ba sisinka da zai fita, lokacinka za ka biya, sai dai ɗaya tun farko yake karɓar nasa, ɗayan kuma sai aiki ya yi nisa yake zuwa maka da bashinsa.

SQL dai shi ne yaren da databes, wato rumbun ajiye bayanan manhaja, ke ji, tun shekarun 1970 aka ƙirƙiro shi a IBM, a 1986 aka tsayar masa da ƙa'ida, kuma har yau MySQL da PostgreSQL da SQLite duk da shi ake musu magana. ORM kuwa tafinta ne, kai ka rubuta Python ko PHP ɗinka, shi ya juya maka zuwa SQL ya kai wa databes ya dawo maka da amsa. Masu Java suna da Hibernate tun 2001, Django na masu Python ya fito a 2005 da nasa a ciki, SQLAlchemy shi ma na Python a 2006, masu Laravel na PHP kuma Eloquent suke amfani da shi.

Gaskiya wajen saurin fara aiki ORM ba shi da abokin gasa. Shigar da sabon magani, gyara farashi, goge wanda aka yi kuskure, nemo ɗaya da lambarsa, irin aikin nan da za ka maimaita a tebur goma sha biyar na databes, layi biyu uku ne ka gama. Sannan ga maganar sauya fasalin tebur, ranar da mai kemis zai kira ka ya ce a ƙara wurin rubuta ranar lalacewar magani, a Django gyara ɗaya za ka yi a kod ka buga makemigrations da migrate, kuma tarihin duk canjin da ka yi yana nan a ajiye. Wanda ke yi da hannu sai ya tuna me ya canza a laftof me bai canza a saba ba, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, kuma wallahi ana mantawa.

Abin da ya fi damuna da masu rubuta SQL da hannu shi ne tsaro. Na sha buɗe kod ɗin ɗalibai in ga an ɗauko abin da mutum ya rubuta a akwatin shiga an liƙa shi kai tsaye cikin kweri, wato umarnin SQL da ake tura wa databes. Duk wanda ya rubuta ' OR '1'='1 a wurin kalmar sirri zai iya shigewa kamar gidansu. ORM yana raba umarni da bayanan da aka shigar ba tare da ka roƙe shi ba. Da hannu ma ana iya yi, a PHP akwai PDO da prepare ɗinsa, ka sa alamar tambaya a gurbin bayanin ka tura shi daban, amma sai ka kiyaye a kowace kweri, guda ɗaya ka manta ta isa.

To amma tafintan nan yana da halinsa, ni ma ya taɓa ƙona ni. Na yi wa wata makaranta mai zaman kanta manhajar sakamakon jarrabawa, a laftof ɗina da ɗalibai ashirin na gwaji komai garau, ranar da aka zuba ɗalibai wajen 600 shafin ya tsaya cak, malamai sun yi layi a ofis suna jira a buga musu katin sakamako, ga janareta na shan mai. Da na sa Django Debug Toolbar sai na ga kweri ɗaya ta ɗauko ɗalibai, sannan kowane ɗalibi an sake komawa databes an tambayo ajinsa, an sake komawa an tambayo makinsa, sama da kweri dubu a shafi ɗaya. Shi ake kira N+1, kamar a aike ka kasuwar Sabon Gari cefane ka riƙa dawowa gida da albasa ɗaya ɗaya. Laifina ne, ban duba abin da ORM ɗin ke rubutawa ba. Maganin kuma gajere ne, select_related da prefetch_related, a Laravel kuma with(), kwerin suka dawo ƙasa da goma. Sai dai wanda bai san JOIN ba, wato yadda ake haɗa tebur da tebur a kweri ɗaya, ba zai ma gane me ya same shi ba, zai ce netwok ne.

Wajen rahoto kuwa ni SQL nake rubutawa ba na ko waiwaye. Wa ya zo na ɗaya a aji, jimlar cinikin wata, wane magani ya fi fita, a nan GROUP BY da RANK() sun fi karantuwa a SQL tsantsa, kuma in ta yi nauyi ka sa EXPLAIN a gabanta ka ga inda ake buƙatar indes, wato fihirisar da ke hanzarta nemo bayani a tebur. Ka dai duba wane MySQL ne a hostin ɗin da za ka saya, wato wurin ajiye manhajar a intanet, don RANK() sai daga 8.0 na 2018 ya shigo, in tsoho suka ba ka ba zai yi ba. Kuma ba sai ka jefar da ORM ɗin ba, Django yana da raw(), Laravel yana da DB::select, cikin manhaja ɗaya ake haɗa su.

Maganar wai ORM zai ba ka damar sauya databes cikin sauƙi, eh haka ne, amma ban da daga SQLite na gwaji zuwa PostgreSQL ban taɓa buƙatar hakan ba, kar ka yanke shawara a kanta.

Ƙanin nawa PHP ya iya, don haka na ce ya kama Laravel, shigar da kaya da sayarwa duk Eloquent, rahoton ƙarshen wata da jerin magungunan da suka kusa lalacewa kuma ya rubuta da hannu. Amma kafin ya taɓa Laravel ɗin na ba shi sati biyu, tebur uku kawai a MySQL, magunguna da ciniki da dillalai, ya yi ta JOIN da GROUP BY har sai ya iya faɗa mini da baki kwerin da za ta fito da maganin da ya rage ƙasa da kwali biyar. Ran Asabar zai dawo in duba.