Mun je ganin garken mariri a Shar'an ta Al'ula, ga yadda ta kasance

Assalamu alaikum jama'a. Tun da muka dawo 'yan uwa nan Madina ke ta kirana a jawwal, wai ya tafiyarmu ta ganin namun daji a Al'ula, wai ta ci kuɗinta kuwa, to gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. A taƙaice dai eh ta ci kuɗinta, amma ba kowa za ta yi wa daɗi ba, zan faɗi dalili.

Ni da uwargida da yara biyu da Baba muka tafi, cikin sanyi. Baba ne ma musabbabin tafiyar duk da shi bai sani ba. Mutumin Mai Wurno ne, can bakin kogi kusa da Sinnar a Sudan, kuma tun muna ƙanana labarinsa kullum dajin Dindir, yadda ya taɓa ganin garken ɓauna ya taso ƙura ta turnuƙe har ba ka ganin itatuwa. Rannan babban yarona ya nuna masa bidiyon ɓaunar Amurka mai tozo da gashi buzu-buzu, wadda a da miliyoyi ce aka yi ta harbi har saura 'yan ɗaruruwa kafin a killace ta ta sake yaɗuwa, sai Baba ya yi shiru ya ce shi kam ya fidda rai da sake ganin naman daji a sake a dajinsa, Sudan ga yaƙi, shi ga tsufa. Maganar ta tsaya min a rai wallahi. Shi ne na fara bincike na gano ai ba sai an tsallaka teku ba, nan cikin mantiƙar Madina, wato yankinta, akwai wurin.

Shar'an killataccen daji ne a Al'ula, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,500, duk jajayen duwatsu ne dogaye da kwaruruka da rairayi a tsakani. Daga Madina tafiyar kusan awa 4 ce a sayyara, mun bi ta wajen Khaibar. Kafin mu tashi sai da Hajiyarmu ta tsare ni, ta ce kar in kuskura in kai mata jikoki garin Samudawa, domin kowa ya san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya wuce Hijr a hanyar Tabuka ya ce kar a shiga wurin sai ana kuka. Na yi mata bayani cewa Mada'in Salih, wato Hijr ɗin, daban, dajin dabbobin daban, duk da dai yanki ɗaya ne, kuma mu ba mu sa Mada'in Salih a tsarinmu ba. Na faɗi wannan ne don na san da yawa cikinmu abin zai zo musu a rai, kowa sai ya tambayi malaminsa ya yi abin da hankalinsa ya kwanta da shi.

Ba a shiga da motarka ka yi ta yawo yadda ka ga dama, sai da tikiti da ɗan jagora, a motarsu mai shiga yashi. Mu fitar safe muka ɗauka, kuma ina ba kowa shawarar ya ɗauki ta safe ko ta yamma lis, tsakar rana dabbobin inuwa suke shigewa. Sanyin safiyar nan fa ba wasa, mu da muka saba da Madina mun ɗauka jaket ɗaya ya isa, ashe iskar cikin duwatsun nan har ƙashi take shiga, sai da muka naɗe Baba da bargon yara.

Kusan awa guda muna tafe ba mu ga komai ba sai sawu a kan rairayi da barewa biyu da suka gilma kamar walƙiya, yara har sun fara ƙorafi, autata na cewa Abba ina dabbobin ne wai. Ɗan jagoran, wani matashi ɗan garin mai natsuwa, ya ce mata nan ba gidan zu ba ne, mu ne baƙi a gidansu, sai sun ga dama. Ya riƙa tsayawa yana nuna mana itatuwan ƙaya masu kama da bagaruwa da aka daddasa, ya ce a da raƙuma da awaki sun cinye wurin ƙarƙaf, sai da aka kewaye aka hana kiwo ciyawa ta dawo sannan aka fara sakin dabbobi. Ya kai mu gindin wani dutse da mutanen da suka sassaƙa hoton akuyar dutse da raƙuma, wato dabbobin nan dama 'yan gida ne tun fil azal.

Sai da muka karya wata kwana tsakanin duwatsu biyu ya kashe mota ya ɗaga hannu alamar a yi shiru. Ga su can. Na ƙirga goma sha ɗaya har da ɗan ƙarami guda mai launin ƙasa-ƙasa yana manne da uwarsa, farare tas kamar an wanke su da sabulu, ƙafafu baƙi-baƙi, fuska da zane baƙi, ƙahonni dogaye miƙaƙƙu kamar mashi, namiji da mace duk suna da su, kuma bayansu jan dutse ne rana ta fara dukansa, wallahi farin nan a jikin jan nan ban san yadda zan kwatanta muku ba, hoton jawwal bai ɗauko ko rabinsa ba. Larabawa maha suke ce masa, wasu su ce wudaihi saboda farinsa da ake hangowa daga nesa. Suna ta kiwonsu, babban ya ɗago kai ya zuba mana ido na ɗan lokaci sannan ya ci gaba da abin da yake.

Baba ya daɗe bai ce uffan ba, sannan a hankali ya ce, "Mariri ne." Na ce Baba mene ne? Ya ce, "Kai ɗan nan, mariri. Babana ke ba mu labarinsa, ya ce a arewa can bakin sahara ake samunsa, ni ban taɓa sa shi a ido ba sai yau." Ni da aka haifa a Madina ban taɓa jin kalmar ba a rayuwata, ashe muna da sunansa da Hausa. Na Afirka ɗan uwan wannan ne, shi ƙahonsa a lanƙwashe yake, amma Baba ya ce shi dai mariri zai kira shi, mu ma yanzu haka muke kiransa a gida. Ɗan jagoran ya ga idon Baba ya kawo ruwa sai ya ce masa ya ammi ɗauki lokacinka, ba ma sauri. Wannan kalma kaɗai ta sa na ji kuɗina ya halatta gare su. Mun fi minti ashirin a tsaye a wurin.

A nan ne ya ba mu tarihin, ni kuma da na dawo na ƙara karantawa. Dabbar nan fa ta taɓa ƙarewa ƙaf a daji, a 1972 aka kashe na ƙarshe a Oman, farauta da motoci da bindiga ce ta gama da su, domin a fili suke kuma farin nasu ba ya ɓuya. Allah Ya sa tun 1962 wasu sun kamo uku aka kai gidan zu na Phoenix a Amurka, aka haɗa da wasu, ciki har da huɗu kyautar Sarki Sa'ud, suka zama tara, da su aka fara garken da ya ceci irin. A 1982 aka sake su a Oman, a Saudiyya kuma 1990 a Mahazat as-Sayd da ke gabashin Ɗa'if, sai Uruƙ Bani Ma'arid a bakin hamadar Rub'ul Khali a 1995. A 2011 aka sauke shi daga jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa zuwa matakin da ya fi sauƙi. Kuma dabba ce mai juriya ta ban mamaki, tana iya daɗewa ba ta sha ruwa ba, ɗanyen ganye da raɓa sun ishe ta, in rana ta ƙwalle sai ta tona ɗan rami a gindin itace ta kwanta.

Bayan nan mun hango akuyar dutse, wa'al, can a ƙololuwa, sai da aka nuna min sau uku kafin na gane ta don launinta ɗaya da dutsen. Jimina kam ba mu dace ba, an ce akwai mai jan wuya. Damisa babu tukuna, kar wani ya je da wannan tsammani, ana dai shirya mata wurin ne, kiwonta a Ɗa'if ake yi.

Abin da bai yi min daɗi ba, na farko kamfanin da muka yi hayar mota daga Madina, ba zan kama suna ba, direban ya makara kusan awa guda ranar tafiya kuma ya ƙi tsayawa Baba ya ɗan miƙe ƙafa sai da muka yi ta roƙo, tsoho mai ciwon gwiwa. Na biyu wasu baƙi a wata motar da suka iso bayanmu suna ta shewa da kiɗa a waya, ɗaya har yana tafi wai don garken ya juyo ya ɗauki hoto, nan take dabbobin suka ja da baya suka shige kwari, raina ya ɓaci ƙwarai, tun daga ina aka kawo irin nan ka zo ka kore su da tafi. Sannan kuɗin ba arha, in ka haɗa tikitin mutum biyar da masauki da abinci mai ƙaramin albashi sai ya yi tanadi, mu kam mun tafi da gahawa da dabino da gurasarmu daga gida, hakan ya rage mana sosai. Mai jariri ko wanda ba ya iya zama shiru na minti goma, gaskiya ya ɗan dakata tukuna. A tafi da madubin hangen nesa, ni ban je da shi ba na ɗan jagoran muka riƙa karɓa-karɓa.

A hanyar dawowa mun tsaya gonakin Al'ula mun sayi lemo kwali biyu, lokacinsa ne, zaƙi kamar zuma. Baba dai bai ko kalli lemon ba, ya karɓi jawwal ɗina ya sa babban yaron ya danna masa, ya tura wa ƙaninsa da yaƙi ya kora Gadarif saƙon murya mai tsawon minti shida, ya fara da "Ɗan uwa, ka tuna maririn da Baba ke faɗa?" Har muka wuce Khaibar yana ta tambaya ko an saurara.