Shagon Baba mai kwalli a kasuwar birnin Zariya: kaya na ƙwarai amma akwai gyara

Masu tambayata inda ake samun kwalli na asali, akwai wani dattijo a kasuwar cikin birni, dutsen tozalin yake sayarwa guda guda, yana ƙyalli, ɗan ƙarami amma ka ɗauka sai hannunka ya yi ƙasa don nauyi. Farashi ba laifi, yana ragi, tandunsa ma na fata ne.

Ni hirarsa ta fi kayan burge ni wallahi. Sana'ar gado ce, kakansa bafatake ne, daga wajen Binuwai suke ɗauko dutsen, su Arufu can ƙasar Wukari, yanzu kuma an fi jin Zurak ta Wase da Abakaliki. Yace madugu shi ke da ayari gaba ɗaya, shi ke shirya biyan fito a bakin kogi da sasanta rigimar mutanensa, jagaba kuma yana gaba yana duba hanya da zangon da za a kwana, kuma tozali ba a cika mangala da shi kamar gero, sai an raba daidai gefe da gefe in ba haka ba bayan jaki ya yi gyambo tafiya ta tsaya, 'yan alaro masu ɗaukar kaya a ka kuwa gammo ne kawai gatansu. Daga baya dogo ya zo, har da ƙaramin layin nan na Zariya zuwa Jos mai ɗauko kuza, wanda aka rufe a 1957.

To ga inda ban ji daɗi ba. Yaran shagon nan a gaban kowa suke daka dutsen a turmi, ba takunkumi, ƙura har gira, sannan su sa hannu a kwanon ɗanwake. Tozali fa dutsen dalma ne. Kowa ya san abin da ya faru a Zamfara a 2010, Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gida. Nace Baba, yaran nan a saya musu takunkumi mana, a koma daka a bayan shago. Yayi dariya yace ɗana tun kafin a haifi babanka muke yi.

Don haka tauraro uku na bashi. Kuje ku sha labari, amma masu jego don Allah kar a rambaɗa wa jarirai, shi Baba har cewa yake kwallin yana ƙara musu gani, ni dai ban saya wa na gidana ba.